Malaman jami'a sun ce suna bincike: ina sakamakon yake tafiya?

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Tawa, na taɓa koyarwa a firamare kafin in kama kasuwa. Ɗana yana shekara ta uku a jami'a. Sau da yawa in na kira shi sai ya ce yau ba darasi, malam ya tafi bincike, ko malam yana haɗa takardun Kames. Ni kuwa abin da nake ji game da malaman jami'a a rediyo bai wuce yajin aiki ba. Don Allah wane irin bincike suke yi, wa ke biyan kuɗinsa, kuma ina sakamakon yake zuwa? Albasarmu dai kowace shekara ruɓewa take a rudu, wato rumbun da muke ajiye ta, ban ga wanda ya zo ya ce ga abin da bincike ya gano ba.”

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba yaron ilimi mai amfani. In na fahimce ku, kuna son sanin ko wannan binciken da ake faɗa aiki ne na gaske ko hujjar ƙin shiga aji ce, in kuma na gaske ne, me ya hana shi isowa inda ake buƙatarsa. Ni malamin ilimin ƙasa ne, abin da ƴan lakkwal ke kira jewogarafi. Na haura shekara 20 ina koyarwa, zamana a Yamai, babban birnin Nijar, amma yawancin aikina na daji a Adar, yankinku na Tawa, na yi shi, kan zaizayar ƙasa da raya fako. Ke nan ina cikin waɗanda kuke tuhuma, kuma ba zan wanke kaina tas ba. Binciken ana yin sa, wani ma mai kyau ƙwarai. Sai dai tsarin da ke auna malami, ya ɗaga shi ko ya bar shi inda yake, bai cika tambayarsa ko manomin Galmi ya ji abin da ya gano ba. Mu kuma mutane ne, inda ake tambayarmu can muke kai amsa.

Aiki biyu a wuyan mutum ɗaya

A takarda sunan aikinmu malami mai bincike. Akwai sa'o'in koyarwa da aka ɗora wa kowa a shekara, sauran lokacin na bincike ne, da kula da ɗaliban da ke rubuta kundi, da ƴan hidimomin sashe. An haɗa biyun ne da gangan. Malamin da ya daina bincike, bayan shekara goma za ku same shi yana karanta wa ɗalibai takardun da ya kwafo daga bakin malaminsa a Dakar, har sun yi ja don tsufa.

Amma a lura da yadda jami'o'inmu suka girma. Ta Yamai ta fara a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, masanin fizik da ya ƙarar da ƙarfinsa kan makamashin hasken rana. Kusan shekara 40 ita kaɗai ce jami'ar gwamnati. A 2010 aka buɗe na Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Daga ɗaya zuwa takwas cikin ƴan shekaru. Gina aji a rufa kwano aikin rani ɗaya ne. Furofesa kuwa sai ya yi lisans shekara 3, mastar 2, doktora aƙalla 3, sannan ya kama hawan tsanin da kan ci shekara goma ko fiye. Gini ya riga malamai yin yawa. Shi ya sa malami zai hau bas daga Yamai, ya bi ta Dosso, Dogon Dutsi da Ƙonni, kilomita sama da 500, ya zuba wa ɗalibai darasin wata uku cikin kwana goma, ya juya. Saboda haka in yaron ya ce malam ya tafi bincike, wani lokaci gaskiya yana daji yana ɗibar ƙasa ko yana hira da mutane, wani lokaci koyarwa ya tafi wata jami'ar, wani lokaci kuma, kada in ɓoye muku, taro ne a otal mai sanyi inda ake raba fardiyam, wato kuɗin zaman taro. Duk ukun na yi.

Tsanin Kames

Kames ɗin da yaron ke ambata majalisa ce ta ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska. A nan Yamai shugabannin ƙasashe suka kafa ta a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu, masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ne sakatarenta na farko, yau ƙasashe 19 ke cikinta. Ita ke cewa wane ya cancanci tashi daga asistan zuwa metir-asistan, daga nan zuwa metir-da-konferans, har furofesa cikakke. Kowace shekara a watan Yuli kwamitocin ƙwararru na kowane fanni ke zama su duba takardun da aka aika. Likitoci da masana shari'a da tattalin arziki kuma suna da gasa tasu duk shekara biyu, inda ɗan takara zai ciro take, a keɓe shi wasu sa'o'i ya shirya, sannan ya fito ya ba da darasi gaban alƙalai daga ƙasashe dabam-dabam.

Ni ina ganin hikimar abin, kuma ba na cikin masu cewa a rushe shi. Ƙasarmu masana kaɗan ne a kowane fanni, duk mun san juna, wannan abokin ajina ne, wancan surukin ƙanena. Da a gida ake raba muƙaman nan, da tuni sun zama rabon zumunci. Kai takardunka gaban mutumin Kamaru ko Senegal da bai san gidanku ba kariya ce.

Matsalar tana ga abin da ake ƙirgawa. Abin da ya fi nauyi shi ne maƙalun da ka buga a mujallun da masana ke tacewa, sai ɗaliban da ka kula da kundinsu, da shekarun da ka yi a matakinka. Akwai gurbin hidimar al'umma, amma kowane malami ya san bai kai maƙala ɗaya mai kyau nauyi ba. Mujallun kuwa da Faransanci suke, manyansu da Ingilishi. Za ka aika rubutu, a yi wata tara ba labari, ya dawo da gyare-gyare shafi uku daga mutanen da ba a faɗa maka sunansu ba. Wasu mujallun sai ka biya kafin a buɗe maƙalarka ga kowa, kuma kuɗin kan kai yuro 2,000, wato sama da miliyan ɗaya da jika ɗari uku na sefa. A gefe kuma ga mujallun bogi da ke cika mana akwatin saƙo, ka ba su ƴan kuɗi su buga maka cikin mako guda ba wanda ya karanta. Matasan malamai da yawa sun faɗa wannan ramin, kwamiti ya yi watsi da maƙalun, shekara ta tafi a banza.

Bari in ba ku labarin kaina. Damina uku na yi ina zuwa wani ƙauye a Adar. Mai gari ya ba ni ɗaki, matarsa tana aiko min da fura da rana. Wani dattijo ya bar ni na haƙa ramuka a gonarsa ta tassa, irin wadda ake shuka cikin ƴan ramukan tare ruwa, ina ɗibar ƙasa ina ɗaurewa a leda, ina rubuta lamba. Na kai labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na rubuta maƙala, ta fito, na haɗa ta cikin takarduna, na samu matakin da nake nema. Sai bayan shekara huɗu wani aikin dabam ya sake bi da ni ta garin. Muna zaune bayan la'asar a gindin bedi, dattijon nan ya dube ni ya ce, “Malam, ƙasar nan da kuka tafi da ita a leda, me ta ce?” Wallahi kunya ta rufe ni. Amsarsa tana nan shafi 14 da Ingilishi, a mujallar da ko ɗalibaina ba su iya buɗewa sai da kuɗi. Na daure na fassara masa a tsaye: tassa ba taki ba ta cika ba, takin ne ke jawo gara, garar ta huda fakon ruwa ya shiga. Ya yi dariya ya ce wannan ai tun ina goye suka sani. Da na ce masa ƙasarsa yunwar wani sinadari take da ake kira fosfor, cewa ɗan takin zamani cikin murfin kwalba a kowane rami ya fi watsa buhu a fili, cewa kuma dutsen fosfat yana nan cikin jiharsu ta Tawa, sai ya gyara zama. Abin da ya kamata ya ji shekara huɗu da suka wuce ke nan. Ba wanda ya hana ni komawa. Ba wanda kuma ya tambaye ni ko na koma.

Mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya

Albashi gwamnati ke biya, da ɗan alawus na bincike. Amma bincike mota yake so da mai, da sinadaran labo, da kuɗin ɗaliban da za su kwana a ƙauye. Ƙasashen Afirka sun daɗe da ɗaukar alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu domin bincike, mafi yawansu ba su kai ba, mu ma haka. Sai ya zama yawancin aikin da ke tafiya da kuɗin furoje yake tafiya: Bankin Duniya, Tarayyar Turai, Jamus, wasu gidauniyoyi na Amurka. Shirin WASCAL na sauyin yanayi da makamashi da ke Yamai, alal misali, Jamus ce ta ɗauki nauyinsa. Ban raina wannan ba, da shi aka horar da matasa da yawa. Amma mai ba da kuɗi shi ke rubuta tambayar. Shekarar da ake yayin ƙaurar baƙin haure, kowa ya zama masanin Agadas. Da aka koma yayin sauyin yanayi, ko bincike kan kiwon kaji sai an liƙa masa kalmar. Furoje kuma shekara uku ne ko huɗu, ranar da ya ƙare mota ta tsaya, na'urar da ta lalace ta zauna cikin ƙura don ba kuɗin gyara. Rahoton ƙarshe ma can ake aika shi inda kuɗin ya fito. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da hulɗa da wasu ƙasashen ta sauya, wannan dogaro ya fito fili, don akwai ayyukan da suka tsaya cak a tsakiya.

Abin da ke cikin sassan

Duk da haka kada ku ɗauka rumbun wofi ne. A cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, tarin da Boubou Hama ya faro. Daga wannan cibiyar Boubé Gado ya jagoranci tonon Bura a 1983, inda aka fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da suka nuna wayewar da ta daɗe a kwarin kogin Kwara. Tarihin Adar ɗinku kafin zuwan Nasara, Djibo Hamani ne ya bi dattawa da takardu ya rubuta shi, shi ne kuma jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa. Cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, ta yi shekaru tana zama a asibitoci da kotuna da ma'aikatun magajin gari tana rubuta yadda aiki ke gudana a zahiri, ba yadda takarda ta ce ba. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES na bin sawun sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. AGRHYMET, tun 1974, ke tattara lissafin ruwan sama da hasashen damina na yankin Sahel. Wani abin dariya mai ciwo: mujallar IRSH sunanta Mu Ƙara Sani, da Hausa tsantsa, amma in kun buɗe ta Faransanci za ku tarar.

Misali ɗaya daga fannina. Masu binciken ruwa sun auna rijiyoyin gabashin Yamai shekara da shekaru, suka ga abin mamaki: duk da farin shekarun 1970 da 1980, ruwan ƙarƙashin ƙasa hauhawa ya yi, kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili shi ne an sare daji an yi gonaki, ƙasa ta daskare, ruwan sama ya daina nutsewa inda ya faɗi, sai ya gangara ya taru a tafkuna, daga can ya shige ƙasa. Wannan gangarowar ce kuma ke ƙara ƙarfin jan ruwan da ke zuwa Yamai a Agusta da Satumba daga rafukan Sirba, Dargol da Gorouol, dabam da ruwan Gine da ke isowa cikin sanyi. Duk wannan an rubuta shi kafin ambaliyar 2012, balle ta 2020 da ta ci unguwannin Harobanda. Ilimin yana nan. Ko ya isa teburin masu yanka filaye a bakin kogi, ku da kanku kun ga amsar a talabijin.

Kada kuma a ce kowane bincike sai ya cika buhu. Mai lissafi da ke fama da wata mas'ala, ko mai nazarin nahawun Tamajak, ba za su hana albasa ruɓa ba, kuma ƙasa tana buƙatarsu. Ƙorafina kan wanda aka yi shi domin mutane ne, a gonarsu ko a jikinsu, sannan aka hana su ji.

Maƙwabci bai san maƙwabci ba

Abin da zai ba ku mamaki, ba ku kaɗai labarin bai isowa ba. Mu ma a ciki ba mu jin na juna. An taɓa sa ni cikin alƙalan wani kundin mastar a sashen nazarin zamantakewa. Ina karantawa sai na ga sunan kwarin da na yi shekaru ina aiki a ciki. Ashe malamar da ta kula da ɗalibin ta daɗe tana bincike a can kan rikicin gado da mallakar filayen da aka raya. Ni ina auna yadda fako ke komawa gona, ita tana rubuta yadda gonar, da zarar ta yi kyau, mai ƙarfi ke karɓe ta daga matan da suka haƙa ta. Rabin labarin yana hannuna, rabi yana hannunta, ofisoshinmu tafiyar minti biyar, muna gaisawa a wurin ajiye mota, ba wanda ya sani. Kowa kwamitinsa dabam a Kames, mujallunsa dabam, taronsa dabam.

Kundayen ɗalibai kuma, nan ne asarar ta fi yi min ciwo. Kowace shekara ana rubuta su da yawa, yaro ya yi wata uku a ƙauye da kuɗin mahaifinsa, ya kare kundin gaban alƙalai, a yi hotuna, a sha lemo, a ɗora kwafi a kan kabad. Na taɓa jawo wani daga ƙasan tari, gara ta cinye shi daga tsakiya ta bar bango. Bayan shekara biyar wani ɗalibin ya sake yin taken nan daga farko, don bai san an yi ba.

To me ya sa yajin aiki ne kawai ke fita a rediyo? Domin ƙungiyar malamai, SNECS, ta san yadda ake kiran ƴan jarida: ga sanarwa a rubuce, ga kakaki, ga magana ɗaya a fili. Dogon rikicin 2018 zuwa 2019 kan ko zaɓen shugabannin jami'a za a riƙa yi ko gwamnati ce za ta naɗa su, kowa ya ji shi. Mai bincike kuwa bai kiran kowa. In ɗan jarida ya same shi ya ce a minti biyu me kuka gano, sai ya fara da “ya danganta”, ya jero sharuɗɗa, ga Hausarsa ta cakuɗe da Faransanci har mai sauraro ya juya tasha. Shafukan jami'o'i a Facebook kuma yawanci hotunan buɗe taro ne da rufe taro. Wa ya zo, wa ya zauna a gaba, akwai. Me aka ce, babu.

Waɗanda suka tsallake

Akwai binciken da ya iso hannun mutane, kuma yana da kyau a duba ta ina ya bi. Buhun nan mai riɓi uku na ajiye wake, da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, aikin masu bincike ne na jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na Afirka, ciki har da na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Maraɗi. Hikimarsa ɗaya ce, a toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da guba ba. Bai yaɗu don an buga maƙala ba. An je ƙauye-ƙauye an ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni aka dawo aka kwance a gabansu, aka sa a rediyo, aka kuma shigo da ƴan kasuwa irinku don buhun ya samu a kanti. Haka maganin murzunar da ke cin zangarniyar hatsi, inda masu binciken ƙwari ke kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro a ƙananan buhuna a rataye su kusa da gonaki. Sassaben zamani kuwa, da ya mayar da itatuwa kan miliyoyin eka a Maraɗi da Damagaram, manoma ne suka riga, masu bincike suka biyo baya suka auna suka shaida wa duniya. A duk waɗannan akwai wanda aikinsa ne, kuma ana biyansa, ya ɗauki abin daga labo zuwa gona. A da malaman gona ke wannan aikin. An rage su tun zamanin tsuke bakin aljihun gwamnati na shekarun 1980 da 1990, gadar ta karye a tsakiya. RECA, haɗakar majalisun manoma, tana ƙoƙarin cike gurbin da ƴan takardu masu sauƙi da saƙonnin murya da Hausa da Zabarmanci, kuma ina ba ku shawara ku neme su.

Da za a tambaye ni gyara, ba zan fara da manyan kuɗi ba. Zan ce kada a karɓi kundin mastar ko doktora da aka yi a cikin jama'a sai da taƙaitawa shafi biyu da harshen mutanen wurin, da shaidar cewa an koma an karanta musu. A ajiye kowane kundi a intanet inda kowa zai samu. Tunda dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, hujjar ƙin yin haka ta ƙara raguwa. Abokan aikina suna cewa ba mu da kalmomin kimiyya da Hausa. Akwai gaskiya a ciki, na sha wuya kafin in iya bayyana sinadaran ƙasa ba tare da na tsere cikin Faransanci ba. Amma na lura duk ranar da na kasa faɗin abu da Hausa, yawanci ni ne ban gama fahimtarsa ba. Wasu kuma suna cewa wannan ba aikinmu ba ne, na malaman gona ne. Su ma ba su yi ƙarya ba, mutum ɗaya ba zai koyar da ɗalibi 500 a babban zauren darasi, ya yi bincike, ya kuma zaga ƙauyuka ba. Sai dai muddin komawar nan ba ta da maki a takardun ƙarin girma, masu yin ta ba za su wuce ƴan tsirarun da kunya ta taɓa kamawa irin tawa ba.

Batun albasa

A nan zan taka a hankali, don ni mutumin ƙasa da ruwa ne, ba masanin albasa ba, kuma kun fi ni sanin rudu. Abin da masana noma suka tabbatar, wanda manoma da yawa ma sun sani, shi ne ruɓar tana farawa tun a gona. Albasar da aka cika wa takin ire, wato yuriya, a ƙarshe tana yin girma da ruwa da kaurin wuya, ba ta ajiyuwa. Wadda aka ci gaba da ba ruwa har ranar cira, ko aka cire ta ganye bai kwanta ba, ko aka yanke ganyen dab da kai, ko aka zuba ta wuyan bai bushe ba, ita ma haka. Sai kuma iska a cikin rudun, da kaurin tarin, da yawan shiga ana tsince wadda ta fara lalacewa. Jar albasar Galmi an san ta da jure ajiya, amma in iri ya gauraye wannan halin yana raguwa. Ku da kuke saye, kuna karɓar laifin da aka yi tun kafin buhu ya zo hannunku. Manomin kuma sau da yawa bashi ne ya sa shi gaggawar cira. Kun ga tambayarku ta taɓa sashen noma, ta taɓa na tattalin arziki, ta taɓa masu zanen gini. Irin tambayar da ke faɗawa tsakanin sassa ke nan ba wanda ya ɗauka.

Ga abin da na ga yana aiki. Kada ku jira a zo. Ku da ƙungiyarku ta ƴan albasa ku rubuta wa shugaban tsangayar noma takarda, da tambaya ɗaya ƙarara, misali: cikin albasar da muke saye daga wurare uku, wacce ta fi ruɓa daga Afrilu zuwa Agusta, kuma me ya bambanta su? Kowace shekara malamai na neman take da wurin aiki ga ɗaliban mastar, abin da ke hana su kuɗin mota ne da abinci. Ku ce za ku ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu, ku ba su masauki, ku buɗe musu rudunanku su auna. Abin da za ku kashe bai kai asarar ƴan buhuna ba. Amma ku sa sharaɗi tun farko, a rubuce: in an gama, ɗalibin da malaminsa za su zo gaban ƴan ƙungiya su faɗi sakamakon da Hausa, su bar muku kwafi. Ranar kare kundin ma ku je, zaman a buɗe yake ga kowa, ba sai da gayyata ba.

Kafin nan akwai abin da yaronku zai iya farawa a hutun nan da littafi da biro. Kowane rudu a rubuta daga ina albasar ta fito, yaushe aka cire ta, kwana nawa ta sha iska, buhu nawa aka zuba, sannan duk mako biyu a auna wadda aka tsince aka zubar. In kuka shiga ofishin malami da lissafin shekara ɗaya irin wannan a hannu, ba ku ne za ku roƙe shi ba, don maƙala ce kuka kawo masa rabinta a gama.